Kongelater ya mutu, mai kanti ya ce ba ruwanshi, ina ake kai ƙara a Tahoua?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin doka ku ba ni shawara. Na sai ma maiɗakina kongelater sabo dal cikin kwali nan Tahoua don ta riƙa sai da ƙanƙara da bisap, jika 230 munka ba da, ba a jima ba ya daina sanyi, shina kuka kamar shina aiki amma ruwan da anka sa da dare haka za ka iske shi da sahe. Na koma wajen mai kantin ya ce wai kuran ne ya ƙone shi don ban sa regilater ba, kuma kayan da sunka hita kanti ba a maido su. Alhali da bakinshi ya ce min akwai garanti. Faktir ɗin tana hannuna amma ba a rubuta maganar garanti ba, sunan kaya da kuɗi da kashe (hatimin kanti) ne kawai. Yanzu komisariya zan tahi ko ƙaƙa ake yi? Raina ya ɓaci wallahi, tontin ɗin matar ne ya tahi.

Baƙauye227:
Hhhh garanti a kasuwa ai daga ƙofar kanti zuwa bakin titi ne ɗan uwa. Ka nemi mai gyara kawai ka bar ma Allah.

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Ɗan Ader kar ka bi ta Baƙauye, irin wannan "bar ma Allah" ɗin ne ya sa masu kanti suka raina mu. Nijar tana da doka kan kare mai saye, ta 2015 ita ta shimfiɗa haƙƙoƙin, sannan a 2019 aka yi wata da ta faɗi laifuffuka da hukuncinsu. Ban da su ma a kundin dokar farar hula akwai tsohuwar ƙa'ida ta ɓoyayyen aibi: in ka sayi abu da aibi a cikinshi wanda ido ba ya gani ranar ciniki, kuma aibin ya hana abin yin aikinshi, kana da zaɓi ka maido a ba ka kuɗinka ko ka riƙe a rage maka wani abu. Wannan ko an rubuta garanti ko ba a rubuta ba. Amma fa sai ka yi da wuri, in ka zauna wata da watanni alƙali zai ce me ka tsaya yi.

Abin da zan ce ka fara yi shi ne kar ka bari kowa ya buɗe kwamfireson ko ya yanka waya, in aka taɓa an ba mai kanti hujja. Ka samu teknisiyan na kirki ya duba kawai, ya rubuta maka a takarda me ya gani, ya sa hannu da lambarshi. Don duk rigimar nan a wuri ɗaya take, kuran ne ya ƙone shi ko gas ne ya tsiyaye tun daga kamfani. In kwamfireso na juyawa amma ba sanyi, sau da yawa gas ne ya fita, kuma wannan ba ruwan regilater da shi. In kuma teknisiyan ya ce da gaske wuta ce ta ƙona to gaskiya ƙarar taka ta yi rauni, gara ka sani tun yanzu.

Bayan nan ka rubuta ma mai kantin takarda, ranar saye, kuɗi, matsalar, abin da kake so (canji ko kuɗi), ka ba shi wa'adi, ka riƙe fotokofi. In ya ƙi karɓa wisiye (ma'aikacin shari'a mai kai ma mutane takardu) zai kai mishi, sai dai wisiye kuɗi ne. In wa'adi ya wuce sai ka tafi ofishin ma'aikatar kasuwanci na jiha nan Tahoua da faktir da takardun nan, su suna iya kiranshi su zaunar da ku. Jistis ita ce ta ƙarshe.

Komisariya kuwa ba wurinta ba ne, sai in damfara ce, misali ya sayar maka da okaziyo a matsayin sabo ya sake mishi kwali. Ciniki da ya lalace maganar farar hula ce, 'yan sanda in sun kira shi ma tsoratarwa ce kawai, ba su da ikon yanke hukunci.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dai ɗana zan faɗa maka abin da na gani a Babbar Kasuwar Yamai shekara da shekaru. Ɗan kasuwa ya fi tsoron shugaban layinsu a kan takarda. Kafin ka je wani ofis ka nemi shugaban masu sai da kayan wuta na kasuwarku, ka tafi da dattijo ɗaya, ka ɗauki faktir, kar ka ɗaga murya, ka ce Alhaji na zo ne a raba mu da ɗanku. Zai kira shi a gaban mutane, shi kuma ba ya son a ce kantinshi ana sai da ruɓaɓɓen kaya don gobe ba mai shiga. Mafi yawa ana ƙarewa da a canza kwamfireso shi ya biya, ko a raba kuɗin gyara. Ba lalle ka samu jikarka 230 cif ba amma matarka za ta koma sana'a kafin zafi ya wuce. Kuma duk abin da aka shirya a rubuta, shaidu su sa hannu, don baki shi ya kawo ka nan.

A addini ma ai an san maido kaya saboda aibi, ba abin Nasara ba ne, kowane malami ka tambaya zai gaya maka.

Tsohon Akawu:
Hajiya ta yi gaskiya, sulhu ya fi sauri kuma ba ya hana ka tafiya gaba in ya ƙi. Abu ɗaya da mutane ba sa ganewa: in jami'an kasuwanci suka ci ɗan kasuwa tara, tarar baitulmali take shiga ba aljihunka ba. Kuɗinka kai ta hanya biyu kawai suke dawowa, ko ya yarda ya biya a zaman sulhu ko alƙali ya tilasta shi. Shi ya sa wani zai ce na kai ƙara an hukunta shi amma ban ga ko dala ba.

Zinariyar Wadata:
Tunda ana maganar nan, to in kredi ne ko forfe na intanet ke ƙarewa ba dalili fa? shi ma ma'aikatar kasuwanci ne?

Tsohon Akawu:
A'a ƙanwata, na waya da intanet ARCEP ce ke sa ido, na wutar lantarki kamar rigimar kwantar (mitar wuta) ko faktir kuma ARSE. Amma ki fara kai kuka wajen kamfanin da kanshi, ki adana saƙonnin da hoton balans kafin da bayan, in ba su amsa ba ko amsar ba ta gamsar ba sannan ki wuce gaba. Akwai kuma ƙungiyoyin kare masu saye irin ADDC-Wadata a Yamai, su ba sa yanke hukunci amma in mutane da yawa suka kawo kuka iri ɗaya muryarsu ta fi ta mutum guda nisa.

Baƙauye227:
To ni dai ina nan, duk wanda ya karɓo kuɗinshi ya zo ya ba mu labari. Kuɗin wisiye da na kabu-kabu zuwa ofis ma sun isa sayen gas ɗin.

Ɗan Ader:
Na gode ƙwarai Baba Akawu, na gode Hajiya Allah shi saka da alheri. Teknisiyan ya zo ya duba bai buɗe komi ba, ya ce kwamfireso lahiya lau yake, gas ne babu, kuma ya nuna min wajen walda a baya inda mai ya jiƙa bututun, ya rubuta min. Gobe in sha Allah zan tahi wajen shugaban kasuwa da kawuna. Tambaya ɗaya Baba, in mai kantin ya ce zai gyara ya sa gas amma ni sabo nike so ko kuɗina, dole ne in karɓi gyaran?