Rumbun bayanai ya koma fanko bayan na sauke kwantena, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da manhajar rajistar ɗalibai ta wata makaranta. Tana kan saba mai Ubuntu, ina tafiyar da ita da Docker Compose, rumbun bayanan kuma Postgres 16 ne a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da Docker ke tafiyar da manhaja. Jiya na yi `docker compose down` don in sabunta manhajar, da na sake `up -d` sai na tarar babu ko suna ɗaya. Abin da ya ɗaure min kai, an sha ɗauke wuta saba ta mutu ta tashi, bayanan suna nan daram. Me ya bambanta wannan karon? Za a iya dawo da su? Jarrabawa ta matso, shugaban makaranta sai kirana yake.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka ɗauke hannunka daga `docker volume prune` da `docker system prune --volumes`. Da alama bayananka ba su tafi ko'ina ba, amma waɗannan umarnin za su share su.

Mutuwar saba tsayar da kwantena kawai take yi, idan ta tashi shi ɗin ne dai ya dawo. Shi kuwa `down` cire kwantenan yake gaba ɗaya. Sa'arka ɗaya: Postgres na hukuma da kansa yake ƙirƙirar ma'ajiya (volume, wurin adana bayanai a wajen kwantena) marar suna a kan `/var/lib/postgresql/data` idan ba ka ba shi taka ba. `down` ba ya goge ta, sai dai da ka yi `up` sabon kwantena bai san da ita ba, sai ya buɗe wata sabuwa.

Ka buga `docker volume ls -f dangling=true`. Za ka ga dogayen sunaye na haruffa da lambobi. Duba kowanne a `/var/lib/docker/volumes/`, cikin foldar `_data`, ka nemi mai fayil ɗin `PG_VERSION` da foldar `base` mai nauyi. Tambaya ɗaya: ka sa `-v`, mai goge ma'ajiya, a bayan `down`? In ka sa, to sai dai haƙuri.

Mai tambaya: Ban sa ba, Yaya. Na gan ta! Alhamdulillahi. Yanzu fa?

Amsa ta farko: Tsayar da Postgres, ka ƙirƙiri ma'ajiya mai suna kamar `pgdata`, ka kwafe komai ciki da `cp -a` don kada mallakar fayiloli ta canza. Sai ka rubuta `pgdata:/var/lib/postgresql/data` a ƙarƙashin `volumes` na Postgres a fayil ɗin Compose, ka kuma bayyana `pgdata` a babban sashen `volumes` da `external: true`. Tsohuwar ka bar ta har sai ka ga sunayen ɗalibai da idonka.

Amsa ta biyu: Ni na fi son in haɗa folda ta kan saba kai tsaye, irin `/srv/pgdata`, don ina ganin kayana. Sai dai Postgres na Debian da lambar mai amfani 999 yake aiki, in ka taɓa mallakar foldar kana iya samun matsala. Ga wanda bai saba ba, mai sunan ta fi sauƙi.

Amsa ta uku: Duk kun yi daidai, amma ma'ajiya tana kan faifan da saba take. Faifai ya lalace, shi ke nan. Ɗan'uwa, ka sa `pg_dump`, umarnin fitar da kwafin rumbun, a cikin cron mai gudanar da aiki a kan lokaci, kowane dare, ka tura kwafin wata na'ura daban. Kada ka kwafi foldar alhali rumbun na aiki, za ka iya samun gurɓataccen kwafi. Sannan ka bar `postgres:16` a rubuce, ban da `latest`. Sabon babban siga ba ya karanta fayilolin tsoho sai an yi masa ƙaura, kuma daga siga na 18 sun canza inda ake haɗa ma'ajiyar zuwa `/var/lib/postgresql`.

Mai tambaya: Na kwafe, sunaye sun dawo. Allah ya saka da alheri. Wani ya taimaka min da layin cron ɗin, yau nake so in sa shi.