Mas ɗin fuska da ake kwana da shi: abin da yake yi wa fata a hunturun Abuja

Maman Ilham, Gwarinpa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, fuskoki sun fara ɗaurewa suna yin fari-fari. Ina so kowa ta kawo abin da ta gani game da mas ɗin nan, wato man gyaran fuska da ake shafawa a kwana da shi. Abu uku ake tallata shi da su: danshi, kwantar da fata mai zafi ko ƙaiƙayi, da rage ƙananan layuka.

Bari in fara da yadda ake sa shi, don a nan aka fi yin ɓarna. A wanke fuska da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mai sauƙi. In akwai hoda ko man kariya daga rana, a fara narkar da su da man goge kwalliya, in ba haka ba za a rufe su ne a kan fata har safe. Kada a goge fuskar ta bushe ƙayau. A dan-danna tawul, a bar ta da laima, cikin minti ɗaya a sa siram (ruwan gyaran fata mara kauri) in ana amfani da shi, sai mas ɗin ya zama na ƙarshe. Girman ƙwayar gyaɗa biyu ya ishi fuska duka, ta uku ta wuya. A kauce wa fatar ido da bakin hanci. A ba shi minti 20 zuwa 30 kafin a kwanta, in ba haka ba rigar filo ce za ta sha. Dare 2 ko 3 a mako, da safe a ɗauraye.

Anti Hauwa, Garki

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Maganar barin laima ita ce ginshiƙi, ga dalili.

Kayan da ke cikin irin wannan mas kashi uku ne. Akwai masu jan ruwa: gilisarin, hayaluronik asid, fantenol, yuriya. Akwai masu cike giɓin da ke tsakanin ƙwayoyin fata su sa ta yi laushi: seramaid da sikwalen. Sai masu rufewa su hana ruwan tashi: basilin, daimetikon, man kaɗanya. Aikin mas ɗin kwana aikin murfin tukunya ne, tururi yake tsarewa, shi ya sa in aka ɗora shi kan busasshiyar fata ba abin da zai tsare.

Fata ta fi zubar da ruwa da dare, kuma a hunturu danshin iskar Abuja kan sauka ƙasa da kashi 30 cikin 100, alhali a watan Agusta yakan haura 80. Ga esi da fanka suna ƙara busar da ɗaki. A irin wannan iska, mai jan ruwa shi kaɗai ba ya wadatarwa. Hayaluronik asid zai jawo ruwa zuwa saman fata, iska ta kwashe, a wayi gari fuskar ta fi jiya ɗaurewa. Masu cewa sun sayi jel mai tsada bai yi musu komai ba, yawanci abin da ya faru ke nan. Jel ɗin ba shi da laifi, an yi shi ne don yanayi mai danshi.

Ku juya bayan roba ku duba jerin kayan haɗi. Ana rubuta su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. In sunaye biyar na farko ruwa ne da gilisarin da ire-irensu, babu mai rufewa ko ɗaya, to a Disamba da Janairu sai an ɗora wani abu a kai.

Zee, Kubwa

Anti, ku yi mana adalci mu masu maiƙon fuska. Wannan rufin da kuke yabo shi ne ke fito mana da ƙuraje. A fata mai maiƙo, man kwakwa da man koko da mas mai kauri suna toshe ƙofofin gashi, kuma ba a ganin abin washegari. Sai bayan mako ɗaya ko biyu ƙananan ƙuraje marasa kai su fito a goshi da haɓa, mutum ya ɗora wa abinci laifi.

Abin da ke aiki: jel mara nauyi a fuska duka, irin Laneige Water Sleeping Mask ko makamancinsa, mai kauri kuma a kumatu kawai da gefen baki inda ake ɓarewa. Goshi da hanci a ƙyale su. Daga Maris, in zafi ya shigo, mai kauri ya koma durowa gaba ɗaya. Gumi a ƙarƙashin rufi, ga wuta an ɗauke, ƙurajen zafi ne kai tsaye.

Anti Hauwa, Garki

Gaskiyarki Zee. Ƙari ɗaya: in ƙurajen duk girmansu ɗaya, suna ƙaiƙayi, sun taru a goshi da gefen gashi, wataƙila ba ƙurajen fuska da aka sani ba ne. Akwai ƙwayar cutar da ke haddasa kyasbi, tana cin mai, kuma man zaitun da man kwakwa abincinta ne. Basilin da sikwalen ba sa ciyar da ita. Irin wannan sai an ga likitan fata, maganin ƙuraje ba ya taɓa su.

Hajiya Binta, Life Camp

'Ya'yana, ni dai ban ga abin da zai sa a kashe dubbai ba. A jiƙa fuska, a shafa man da aka saba, a ɗauki man kaɗanya mai kyau girman ƙwayar wake, a murza a tafin hannu har ya narke, a dan-danna. Shi ke nan an yi mas. Sai dai a tabbatar kaɗanyar sabuwa ce, wadda ta tsufa ta fara warin gafi tana sa ƙaiƙayi.

Maman Ilham, Gwarinpa

Hajiya, Allah ya ƙara girma, maganarku tana kan hanya ga busasshiyar fata. Basilin ma haka, yana tsare fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke tashi daga fata, babu mai irin wannan ƙarfi. Inda mas ɗin kanti ya fi su shi ne ya haɗa mai jan ruwa da mai rufewa wuri ɗaya, kuma ba ya danƙo sosai. Kaɗanya da basilin ba su da ruwa ko ɗigo, shi ya sa sharaɗin da kuka faɗa na jiƙa fuska ba ya faɗuwa.

Abin da ba na goyon baya shi ne haɗin gida da ake kwana da shi. Lemon tsami yana ƙona fata, kuma in rana ta same shi yana barin baƙin tabo. Kurkum da dilka na wankewa ne. Mas ɗin laka minti 10 zuwa 15 ne, na takarda 15 zuwa 20, in ya bushe a fuska sai ya koma jan ruwan da ya bayar.

Ummi, Lugbe

Ni abin da ya kawo ni layukan nan ne na ƙasan ido da gefen baki. Da gaske yana goge su ko talla ce?

Anti Hauwa, Garki

Ƙanwata, layuka iri biyu ne, kuma masu talla sun san haka. Na farko na bushewa ne: sirara, masu yawa, sun sarƙe da juna, sun fi fitowa a hunturu ko bayan an wanke fuska da sabulun salo. Waɗannan mas yana kwantar da su cikin dare ɗaya ko biyu, domin saman fata ya sha ruwa ya ɗan kumbura. Hoton kafin da bayan da kike gani yawanci wannan ne. In kin daina, su dawo.

Na biyu na shekaru ne da rana: layin goshi, na tsakanin gira, na gefen ido da ke nan daram ko ba ki yi murmushi ba. Waɗannan daga can ƙasa suke, inda kolajin, sinadarin da ke riƙe fata ta tsaya da ƙarfinta, ya ragu, kuma mas ba ya kaiwa can. Kolajin da ake sawa a cikin mai ƙwayarsa ta yi girma, a sama take zama tana riƙe ruwa kawai. Har da mas ɗin kolajin na Koriya da ake mannawa awa 3 zuwa 4 ko a kwana da shi har ya zama garau: sheƙin da yake bayarwa gaskiya ne, amma na kwana ɗaya zuwa biyu ne. Ya dace da daren jajibirin biki, ba magani ba ne.

Abin da ke taɓa layin shekaru shi ne retinol (man shafawa dangin bitamin A) ko tiretinoyin da likita ya rubuta, kuma sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga canji. Sai man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama kowace safiya. Hazon hunturu ba ya tare hasken da ke tsufar da fata. Mai ciki da mai neman ciki ba sa amfani da retinol.

Gwaji mai sauƙi: ki yi mas dare uku a jere, ki duba a haske ɗaya. Layin da ya ɓace na bushewa ne, wanda ya rage na shekaru ne. Ƙasan ido kuma ki sa kaɗan ƙwarai, ki tsaya kan ƙashin da ya zagaye idon. Mai kauri a wurin yana kawo ƙananan fararen ƙuraje masu tauri da ba sa matsuwa, ko a tashi ido ya kumbura.

Zee, Kubwa

Tunda an ambaci retinol: kada a haɗa shi da rufi mai kauri a dare ɗaya. Rufin yana tura shi ciki fiye da ƙima, kwana biyu gefen hanci da baki su fara saɓa. Haka asid masu saɓe fata, gilaikolik da salisilik. A raba dare: yau retinol, gobe mas. Kuma a kula, akwai mas ɗin kwana da shi kansa asid ne a ciki, ana rubuta masa kalmar sheƙi ko sabunta fata. Wannan ba na kwantar da fata ba ne, kuma a fatarmu duk ƙuna tabo take bari na watanni.

Maman Joy, Jos

Sannunku mutanen Abuja. Mu nan tudunmu ya kai kusan mita 1,200, sanyin Disamba yana sa mutane wanke fuska da ruwa mai zafi sosai, shi ne ke kwashe man fata tun kafin a zo maganar mas. A nan jel kaɗai ba ya kai safe. Mai kauri ko da dare 4 a mako ba ya damun busasshiyar fata, kuma a haɗa da leɓe.

Anti Hauwa, Garki

Saura maganar kwantar da fata. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, alamar ita ce zafi, ƙaiƙayi, ko man da aka saba ya fara yaji. A nan a nemi mai fantenol, ko ganyen santela da ake rubutawa Cica, ko alantoyin, ko garin ots mai laushi. Cicaplast Baume B5 yana da fantenol kashi 5 cikin 100, kuma ana iya kwana da shi kamar mas. Niyasinamaid kashi 2 zuwa 5 ya isa, mai kashi 10 yakan sa wasu zafi. A guji mai ƙamshi, da mai man na'ana'a ko lemo, da mai barasa a saman jeri. Sanyin da na'ana'a ke bayarwa ba waraka ba ne.

Kafin a kai sabon mas fuska, a gwada a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, sau biyu a rana, kwana 7 zuwa 10. Rashin jituwa da mai yakan ɗauki kwanaki kafin ya nuna. In ya yi zafi fiye da minti ɗaya ko biyu, a wanke.

Wani abu da ba a son faɗa: wadda ta daɗe tana shafa man bilicin ko haɗin da ba a rubuta abin da ke ciki ba, fatarta na iya zama ta yi siriri saboda maganin sitiroid mai ƙarfi irin kilobetasol da ake sawa a ciki. Ɗora rufi a kan irin wannan mai yana ninka shigarsa jiki. In an daina kuma fuska ta rikice da zafi da ƙuraje, mas ba zai iya ba, asibiti za a je a janye shi a hankali.

Baban Sadik, Karu

A gafarce ni na shigo zancen mata. Maza masu aski suna iya amfana: daren da aka yi aski, mai fantenol mara ƙamshi a kumatu da wuya yana rage raɗaɗi. Mai gemu ya tsaya inda gashi ya fara, in ya cusa a ciki sai amosani da ƙaiƙayi.

Ummi, Lugbe

Na gode Anti. To alwala fa? Kuma a ina za a samu na gaskiya?

Maman Ilham, Gwarinpa

Ki bari sai kin idar da isha'i da shafa'i da wutiri, ki sa. Da asuba, ko in za ki tashi nafila, ki fara ɗauraye shi kafin alwala, musamman mai basilin ko kaɗanya, don ruwa ya taɓa fata. In ruwan yana tsayawa ɗigo-ɗigo a kumatu, da saura, ki ƙara da ɗan sabulu. Bayan alwala ki mayar da mai mara nauyi, kada fuska ta zauna haka cikin sanyin asuba.

Saye kuwa, ko a kasuwar Wuse ko kantin magani ko ta intanet, ki duba lambar NAFDAC, lambar rukuni da ranar ƙarewa, su kasance an buga su ne, ba takarda aka manna ba. Farashin da ya faɗi rabin na ko'ina abin tsoro ne. Kada ki sayi wanda aka ɗura a ƙaramar roba mara suna, ko wanda ya sha rana a kan tebur har mai ya rabu da ruwa. Akwai hoton buɗaɗɗen gwangwani a jikin roba da 6M ko 12M, watannin da zai yi ke nan bayan an buɗe. Ki riƙa ɗiba da ɗan cokalinsa, ba yatsa ba, ki ajiye nesa da taga. Rigar filo kuma, da ƙurar nan, a canja ta sau biyu a mako.

Hajiya Binta, Life Camp

Ummi, ki fara da ƙaramar roba. In ta karɓe ki har ƙarshen Janairu, sai ki sayi babba.