Tsatsa ta fara cin bayan agogon Babana, in kai sabis ko in wanke da kaina?

Ɗan Nima: Salamu alaikum 'yan uwa. Seiko 5 ne na marigayi Babana, irin mai tafiya da motsin hannu. A tashar jiragen ruwa ta Tema a nan Ghana nake aiki, yanzu na ga ɗigo-ɗigon tsatsa a gefen murfin baya. In kai a buɗe ko in wanke a gida? Ba na son a canza masa komai.

Abu Madina: Sayi Casio na roba ka huta.

Hajiya Maamobi: Allah ya jiƙan Baba. Ɗana, kar ka bari ya kwana wurin kowa. Na maigidana daga Makka ya sayo shi, mai gyara ya ce a dawo jibi. Aka karɓo yana ta sheƙi, ashe an zare injin an sa na banza. Ko Sallah bai kai ba ya tsaya. Muka koma, mutumin ya rantse bai taɓa ganinmu ba. Sidi 200 muka biya fa! Har yau abin na ci mini rai.

Abu Madina: 200? Ni 50 aka yi mini.

Baba Aboabo: Batir aka canza maka, yaro. Ɗan Nima, gishirin gumi da iskar teku su ke cin ƙarfen, ruwan alwala kuma ya maƙale ƙarƙashin murfi. Riƙa cirewa kafin alwala, ka goge da busasshen ƙyalle kullum da dare. Amma kar ka sa masa ruwa sai an canza robar murfin, ta tsufa. A yi a gabanka.

Abu Madina: Baba, ku a Kumasi ina kuka ga teku?

Baba Aboabo: Gumi ai ko'ina akwai shi. Tun ba a haife ka ba nake gyaran agogo.

Sister Fati: Man goge baki fa? Na ga ana yi a TikTok.

Baba Aboabo: Yana karce ƙarfe, 'yata.

Mai Waakye: Agogon ma wa ke dubawa? An ce ɗaurin aure ƙarfe 10, ango ya iso bayan azahar 😂

Hajiya Maamobi: Ba masu agogo kaɗai ba. Wayar jikata ma a kasuwar wayoyi ta Circle a Accra aka musanya mata batir.

Sister Fati: Wallahi Hajiya, ni sikirin ɗina suka cire.

Ɗan Nima: To Baba, robar nawa take?