Ɗana ya tambaye ni ko da gaske an kashe Yahudawa miliyan shida

Baban Sadiƙ:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga masu yara a makarantun Jamus.

Shekarata goma sha ɗaya a Balin, ina tuƙa motar rarraba kaya. Babban ɗana yana da shekara goma sha huɗu. Ranar Talata malamar ajinsu ta kira ni, ta ce akwai wani yaro Bayahude da wasu suka daɗe suna tsangwama, suna watsa masa tsabar kuɗi a ƙasa su ce ya tsince. Nawa bai jefa ba, amma yana tsaye yana dariya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ɗan nawa fa shi ne ya taɓa dawowa gida da hawaye don an yi masa kukan biri a filin ƙwallo.

Da dare na zaunar da shi. Ina jiran ya ba da haƙuri sai ya miƙo mini wayarsa, wani bidiyo da aka tura a zaurensu na WhatsApp, wai Yahudawa miliyan shidan da ake cewa 'yan Nazi na Hitler sun kashe a Yaƙin Duniya na Biyu ƙari aka yi, wai Yahudawa ne suka ƙirƙiri labarin don a riƙa biyansu diyya. Ya ce, "Baba, kai ka ƙirga su?" Na yi masa faɗa sosai, amma ya gane ba ni da amsa.

Ga abin da ya hana ni barci. A ƙofar gidan da muke haya akwai wasu 'yan farantai uku na tagulla a cikin daɓen titi, kowanne bai fi tafin hannu ba. Shekara da shekaru ina taka su. Jiya na tsuguna na karanta: suna, shekarar haihuwa, shekarar da aka kwashe mutum, sai Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi a Polan. Duka ukun 'yan gida ɗaya ne, ƙaramarsu an haife ta a 1931, an tafi da ita a 1943. Ko shekarun ɗana ba ta kai ba. Me zan gaya masa da zai shiga kansa?

Malam Isuhu:

Wa alaikumus salam, Baban Sadiƙ. Allah ya shirya mana zuri'a. Tambayar yaron tana da amsa, kuma amsar ita ce waɗanda suka yi kisan su suka fara ƙirgawa. 'Yan Nazi ba sa yin abu ba su rubuta ba. A Babi Yar, wani kwari a gefen birnin Kiyef, rundunarsu ta kai rahoto da kanta cewa ta harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba 1941. A Janairun 1943 wani jami'insu, Hermann Höfle, ya aika tangaraho yana lissafa mutum 1,274,166 da aka kai sansanoni huɗu a Polan zuwa ƙarshen 1942. Turawan Ingila ne suka tare saƙon, yana nan a ajiye. Rudolf Höss, wanda ya riƙe Auschwitz, ya amsa da bakinsa a kotun Nuremberg a 1946. A wannan sansani kaɗai an kashe kimanin mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari, mafi yawansu Yahudawa.

Sai kuma ƙidayar jama'a. Kafin yaƙi Yahudawan Polan sun haura miliyan uku, bayan yaƙi kusan duk babu su. Cibiyar Yad Vashem da ke Ƙudus, mai tunawa da Yahudawan da aka kashe, ta tattara sunayensu sama da miliyan huɗu da rabi, ɗaya bayan ɗaya, ana iya bincikawa a intanet. Ka sa shi ya rubuta sunan da ke ƙofar gidanku da hannunsa.

Kuma ai kuna Balin. Ka kai shi gidan Wannsee, inda manyan jami'ai goma sha biyar suka zauna ranar 20 ga Janairu 1942 suna tsara kisan Yahudawan Turai. Takardar taron tana nan, da jerin ƙasashen Turai da yawan Yahudawan kowace, jimilla miliyan goma sha ɗaya.

Ɗan Zango:

Malam, ban musa ko ɗaya ba, an yi wannan ta'asa. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya, yaranmu suna kwana suna tashi da hotunan Gaza a waya. Idan ka ce wa yaro ya tausaya wa waɗanda aka kashe shekara tamanin da suka wuce, zai ce maka waɗanda ake kashewa yau fa? In ba a amsa masa wannan ba, duk lambobin nan ba za su shige shi ba.

Maman Hanifa:

Ɗan Zango, maganarka tana kan hanya, ni ma na sha kuka a kan yaran Gaza, kuma ba na ɓoye wa 'ya'yana. Amma yaron da ake watsa wa tsaba shekararsa goma sha huɗu, a Balin yake, ba shi da soja ba shi da jirgin yaƙi. Mu da muke sa hijabi a ƙasar nan mun san yadda ake kallonmu a jirgin ƙasa duk ranar da wani ya kai hari da sunan Musulunci. Mun san ɗacin a ɗora maka laifin da ba naka ba. Sukar gwamnatin Isra'ila daban, wulaƙanta ɗan ajinku don addinin iyayensa daban. Batun tsabar kuɗin nan kuwa ya girmi ƙasar Isra'ila da ɗaruruwan shekaru, tsohon ƙage ne na Turai cewa Bayahude bawan kuɗi ne.

Baban Sadiƙ, ka ba shi labarin Dakta Mohamed Helmy. Bamisre ne Musulmi, ya zo Balin karatun likita a 1922. Ya ɓoye wata yarinya Bayahudiya, Anna Boros, har yaƙi ya ƙare, ya sa ransa a kasada. A 2013 Yad Vashem ta karrama shi, shi ne Balaraben farko da ya samu wannan. Ka kuma gaya masa cewa a 1937 waɗannan 'yan Nazin sun yi wa ɗaruruwan yara baƙar fata na yankin Rhein tiyatar hana haihuwa da ƙarfin tsiya. Da yana raye a lokacin, shi ma yana cikin lissafinsu. Ko a 2019, mutumin da ya kai hari majami'ar Yahudawa a birnin Halle na Jamus ranar Yom Kippur, babbar ranar azumin Yahudawa, da ƙofa ta ƙi buɗuwa, ya harbe wata mata a titi, ya zarce shagon döner, gasasshen naman nan na Turkawa, ya kashe wani.

Wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba: musanta wannan kisan ƙare-dangi a bainar jama'a laifi ne a Jamus, sashe na 130 na dokar manyan laifuka, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin shekara biyar, kuma daga shekara goma sha huɗu doka tana iya kama yaro. Ya goge bidiyon, kada ya tura wa kowa. Ka kuma ba malamar shawara ta nemi shirin Meet a Jew na Majalisar Ƙolin Yahudawan Jamus, suna turo matasa Yahudawa aji a zauna a yi hira ido da ido. Iyayen wancan yaron kuwa akwai cibiyar OFEK mai ba da shawara, da RIAS mai karɓar rahoton irin wannan.

Baban Sadiƙ:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, maganarki ta hijabi ita na fara gaya masa, don ya taɓa ganin an yi wa mahaifiyarsa.

Yau Asabar ban je aiki ba, na kai shi tashar Grunewald, layin dogo na 17, inda aka riƙa loda Yahudawan Balin a jirgin ƙasa. Gefen dandamalin duk faifan ƙarfe ne, kowanne da kwanan wata, da yawan mutane, da inda aka kai su. Na farko 18 ga Oktoba 1941, mutum fiye da dubu. Ban ce masa komai ba. Ya bi su yana karantawa, can na ga ya ciro waya yana tara lambobin, bai kai rabi ba ya mayar da ita aljihu.

Ranar Litinin zan raka shi ya ba yaron haƙuri a gaban malama. Ya ce kunya yake ji, na ce ya ji. Tambayar Ɗan Zango ma ya yi mini ita a hanyar dawowa, mun fara magana ba mu gama ba.

Da muka iso ƙofar gida ya tsaya a kan farantan nan, ya ce sun yi baƙi. Na ji an ce maƙwabta kan goge su ranar 9 ga Nuwamba, ranar da aka ƙone majami'un Yahudawa a 1938. Shi ya ce ba sai mun jira ba. Wanda ya san abin da ake goge tagulla da shi ba tare da rubutun ya lalace ba, don Allah ya faɗa mini.