Kaji da 'ya'yan itace a bazarar Damagaram: abin da masu kiwo suka ce

Da mata da magidanta na unguwannin Birni da Zango suka tattauna wahalar watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, maganar ruwa ce ta fi yawa. Kaza ba ta gumi. In ka ga ta buɗe baki tana haki, fukafukai a sake, zafi ya kama ta. Sai a zuba mata ruwa a kaskon ƙasa cikin inuwa, a riƙa canzawa, don kwanon ƙarfe saurin zafi gare shi. Akurkin kwano kuwa a lulluɓe shi da zana. Tsaba da dusa a ba su da sassafe da yamma. Allurar rigakafin fakat, wato annobar kaji, a yi ta kafin hunturu.

Kan itatuwa aka ɗan saɓa. Wasu sun ce ruwan 'yan garuwa ya yi tsadar da ba za a ba mangwaro ba. Wata dattijuwa ta ce ruwan alwala da na wankin gero ya ishi lemun tsami da gwaba. Ni da ita na yarda, muddin babu sabulu a ciki. Masu garka a Mirriya, kusa da Damagaram, suka ƙara da binne tulun ruwa a gindin dashe, a rufe ƙasa da karan gero, a yi ban ruwa bayan la'asar.

Kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, sai ya ruɓe tukuna a zuba shi taki. Ƙananan dashe kuma a kewaye su da ƙaya, kada kaji su tone.