Miƙa wuya iri-iri ne: inda kalmomin Turanci suka taɓa kayar da mu

Mai fassarar labarai: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A farkon kama aikina, duk inda na ci karo da surrender, concede ko give in, "miƙa wuya" kawai nake rubutawa, har ranar da editanmu ya dawo mini da labarin zaɓen 2015 ya ja layi da jan biro. Na rubuta cewa Jonathan ya miƙa wuya ga Buhari, sai ya tambaye ni ko yaƙi aka gwabza. Kalmar da ke cikin labarin concede ce, wato mutum ya amsa shan kaye da bakinsa, ita kuwa surrender ta wanda ya ajiye makami ce ya sa kansa a hannun abokin gaba, kamar yadda Japan ta yi a 1945. Ina son jin inda ku ma kuka taɓa tuntuɓe.

Malamar Turanci: Wa'alaikumus salam, Malam. A ajina give up da give in ne suka fi wahalar da ɗalibai. Wata yarinya ta taɓa rubuta cewa mahaifinta gave in shan taba, alhali nufinta ya daina. Na bayyana mata cewa give up barin abu ne ko haƙura da ƙoƙari, ko da babu mai matsa maka, amma give in sai da wani a gefe yana naci har ka ba da kai bori ya hau, kamar uwar da yaro ya dama da kuka har ta miƙa masa abin da ta hana shi. Tun daga ranar nake sa su tambayi kansu: akwai mai matsawa ko babu?

Ma'aikaciyar jinya: Tawa ta fi ciwo, Malama. Ina ɗaliba na karanta succumbed to his injuries a rahoton wani majinyaci, na ɗauka ya saduda ne ya yarda a yi masa magani. Ashe raunukan ne suka ci ƙarfinsa, rai ya yi halinsa. Har yau idan na ga kalmar nan gabana yakan faɗi, domin saura kaɗan in je in kwantar wa danginsa hankali.

Direba: Ni kuwa a Amurka na haɗu da yield, a kan allon hanya mai kusurwa uku wanda tsininsa ke kallon ƙasa. Babu shan kaye a cikinta ko kaɗan, cewa take ka rage gudu ka ba wanda ke kan babbar hanya dama ya wuce. A Ingila give way suke rubutawa a wurin.

Mai fassarar labarai: Na gode ƙwarai. Malama, da ma za ki taɓo mana submit, domin ita ake fassara miƙa wuya ga Allah da ita, kuma ita ce dai ɗalibi ke amfani da ita idan zai miƙa takardar jarrabawa.