Koci ne ya kai Birtaniya ga zinare, ko dawakin ne suka kai kocin?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana na ajiye, mai ja ya ja. A gasar dawaki mai matakai uku, wato takun doki a fage, sukuwar daji da tsallake shingaye, sannan tsallen sanduna, babu abin da ya sauya tarihin Birtaniya kamar ɗauko koci Chris Bartle, ɗan Birtaniya, daga Jamus a ƙarshen 2016. Tun Munich 1972 rabonsu da zinaren ƙungiya a Olamfik. Mutumin nan ya dawo gida, sai ga zinare a Tokyo, sai ga wani a Paris 2024. Kafin nan kuma, yana tare da Hans Melzer suna horar da ƙungiyar Jamus tun 2001, sun ci zinare a 2008 da 2012. Inda ya sa ƙafa, nan zinare yake bi. Koci ne komai.

Kawu Bala: Wa alaikumussalam. Habu, "komai" ɗin nan ce ta ɓata maka zance. Shekarata ta kai talatin ina ɗaure doki, ban taɓa ganin wanda ya tsallake shinge da baki ba. Kocin yana tsaye a ƙasa. Ragama tana hannun wani.

Malam Habu: Kawu, to kafin 2017 ragamar tana hannun wa? Mahaya ne dai, kuma gwanaye. Me ya hana su?

Hajiya Rabi: Malam Habu, ka yi wa Yogi Breisner, wanda ya jagoranci ƙungiyar Birtaniya kafin Bartle, adalci mana. Kana magana kamar Birtaniya tana kwance ne Bartle ya zo ya tashe ta. A hannun Breisner sun ɗauki azurfa a Sydney 2000, azurfa a Athens 2004, tagulla a 2008, azurfa kuma a Landan 2012. Sun ci kofin duniya a Kentucky a 2010. Olamfik huɗu a jere ba su dawo hannu rabbana ba. Rio 2016 ce kaɗai suka ƙare na biyar, kuma ko a can William Fox-Pitt ne kan gaba bayan matakin farko, alhali bai cika shekara da mummunan faɗuwar da ta taɓa masa kai ba. Dokinsa ya kauce wa shinge ɗaya a daji, lissafi ya rushe. Wannan ba ƙungiyar da ta mutu ba ce.

Malam Habu: Hajiya, ai kin taya ni ne ba ki sani ba. Azurfa, azurfa, tagulla, azurfa. Kullum a bakin ƙofa, ba a shiga ɗaki. Ɗan abin da ya rage tsakanin na biyu da na ɗaya, shi ake biyan koci ya nemo.

Sadiya: Ni tambaya ce da ni, don sabuwa ce a kallon wasan nan. Me kocin yake yi takamaimai? Ba kamar ƙwallo ba ne da ake zaune sansani ɗaya?

Kawu Bala: Yauwa 'yata, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ba haka ba ne sam. Kowane mahayi yana da bargarsa, da masu yi masa hidimar doki, da mai yi wa doki takalmi, da likitansa, sau da yawa har da malaminsa na kansa. Dawakin ma akasari ba na ƙasa ba ne, ba kuma na mahayin ba, na wasu masu hali ne da suka saya suka damƙa masa. Mai doki ya ga dama gobe ya sayar, ƙasa ba ta da ta cewa. Kocin ƙasa yana ganinsu ne a taron horo da wurin gasa. Doki kuwa kafin ya kai matakin Olamfik an yi shekaru ana gina shi, tun yana ɗan shekara huɗu ko biyar. To wa ya yi wannan wahalar? Wanda yake tashi da asuba ya duba ƙafar doki ko ta yi zafi, ko wanda ya zo da allo da bidiyo?

Injiniya Nura: Kawu, kada ka raina allo da bidiyon nan. Abin da aka san Bartle da shi ke nan. Jamusawa dama gwanaye ne a takun fage, nan gidansu ne, daji ne yake ba su ciwon kai. Shi kuma mutum ne da ya san ɓangarorin biyu da jikinsa: ya zo na shida a takun doki a Olamfik ta Los Angeles 1984, sannan ya ci Badminton, babbar gasar matakai uku ta Ingila, a 1998. Ba kowa ke haɗa waɗannan biyun ba. Ya zauna da mahaya yana nuna musu zamansu a sirdi, inda nauyinsu yake lokacin da doki ya dira cikin ruwa ko ya sauka gangara, da yadda za a saki linzami a jingina baya idan abu ya zo ba shiri. Irin wannan ba ya sa doki ya fi gudu, amma yana hana faɗuwa ɗaya, kuma faɗuwa ɗaya ita ce gasar gaba ɗaya.

Kawu Bala: Na yarda ya san aikinsa. Ban ce bai sani ba.

Injiniya Nura: Amma Malam Habu, ni ma ba na bayanka har ƙarshe. In zinare yana bin Bartle ne, me ya sa Jamus ba ta rushe ba da ya tafi? A 2019 a Luhmühlen sun doke Birtaniya a gasar Turai, shi yana ɓangaren Birtaniya yana kallo. A Tokyo Julia Krajewski ta ci zinaren ɗaiɗaiku, mace ta farko da ta yi hakan a wannan wasa. A 2022 a Pratoni, ƙasar Italiya, Jamus ta ɗauki kofin duniya a hannun Peter Thomsen, wanda ya gaji Melzer. Birtaniya ta ƙare ta huɗu. Michael Jung kuma ya sake cin zinare a Paris, na uku ke nan bayan 2012 da 2016.

Malam Habu: Ai gini ya bar musu! Shekara goma sha biyar yana shuka, don ya tafi sai gona ta ƙi yi? Kuma duba ƙungiya, kada ka duba mutum ɗaya. Tun da ya tafi, Jamus ta hau dandamali a matsayin ƙungiya a Olamfik? Tokyo na huɗu. Paris ko kusa.

Hajiya Rabi: To ka ga wayonka. In Jamus ta ci bayan tafiyarsa, gininsa ne. In Birtaniya ta ci bayan tafiyar Breisner, ba ginin Breisner ba ne. Mudu ɗaya za ka auna mana da shi, Malam.

Sadiya: Hajiya ta kama ka 😂

Malam Habu: Ba ta kama ni ba, ta dai riƙe gefen riga.

Hajiya Rabi: Bari in ƙarasa riƙewa. Abin da ya faru da Jamus a Tokyo da Paris, dokar gasa ce ta canza. Da, kowace ƙasa tana kawo mahaya huɗu ko biyar, a ƙirga makin uku da suka fi kyau, a zubar da na saura. Daga Tokyo aka koma uku, kuma makin kowa ana ƙirgawa. A Tokyo dokin Jung ya taɓa wani shinge mai ƙarfen da aka yi don ya saki idan an buge shi, aka ɗora masa maki 11 na hukunci. A Paris Christoph Wahler ya faɗo a daji, shi ke nan an gama da ƙungiyar tun rana ba ta yi nisa ba. Wane koci ne zai hana wannan? A sabon tsarin, ƙasar da ta fi yawan dawakai amintattu, waɗanda ba sa ba da kunya, ita ke da riba. Birtaniya kuwa tana da su har ana barin wasu a gida. A gasar Turai ta 2021 a Avenches mata uku 'yan Birtaniya suka kwashe zinare da azurfa da tagulla, kuma ba ɗaya a cikinsu da ta hau a ƙungiyar Tokyo.

Injiniya Nura: Ƙari a kan haka, a Pratoni ɗin nan Yasmin Ingham ce ta zama zakarar duniya, amma ba a sa ta cikin ƙungiya ba, a matsayin ɗaiɗaiku ta shiga. Wato akwai wata kujera mai nauyi da ba mu ambata ba, ta masu zaɓe. Sannan ba Bartle kaɗai aka naɗa ba, tare da Richard Waygood aka kawo su, shi ne manajan ƙungiya. Aikin da Breisner yake riƙe da shi aka raba gida biyu. Wataƙila rabawar ce ta yi amfani fiye da sunan wanda aka kawo.

Kawu Bala: Ku bar ni in ba ku dariya. Dawakin da suka ci wa Birtaniya zinare a Tokyo: na Oliver Townend, Ballaghmor Class, haihuwar Ireland ne. Na Tom McEwen, Toledo de Kerser, na Faransa ne. Na Laura Collett kuwa sunansa London 52, amma a Jamus aka haife shi. To Habu, in dai abin da aka ɗauko daga Jamus ake yaba wa, ni dokin zan fara yi wa jinjina kafin kocin.

Malam Habu: Kawu ka ci wannan. Amma doki bai san tuta ba, mutum ne ke haɗa shi da tsari.

Kawu Bala: Mutumin ita ce Collett. Yarinyar nan ta faɗi a 2013 ta yi kwanaki ba ta san inda kanta yake ba, ta tashi ido ɗaya ya kusa tafiya. Ta koma sirdi. A Paris ta yi maki 17.5 a takun fage (a wasan nan ƙarancin maki ne nasara), ba a taɓa yin irinsa a Olamfik ba. Wannan zuciyar ba a taron horo aka ba ta ba.

Sadiya: To sauran ƙasashe fa? In canza koci magani ne, ai kowa zai canza.

Injiniya Nura: Amurka ta yi ta canzawa, ƙanwata. Mark Phillips ya sauka bayan Landan 2012, David O'Connor ya karɓa ya ajiye a 2017, aka kawo Erik Duvander, suka zo na shida a Tokyo, ba a sabunta masa kwantiragi ba. Bobby Costello yana riƙon ƙwarya, shekara ba ta zagayo ba suka ci azurfa a Pratoni. Yanzu azurfar ta wa ce? Ta wanda ya yi shekara huɗu yana gini aka sallame shi, ko ta wanda ya tarar da tuwo ya nuna?

Malam Habu: Ta Duvander ce, ko shakka babu.

Hajiya Rabi: Madalla. To zinaren da Birtaniya ta ci a gasar Turai ta 2017 a Strzegom, Bartle bai cika shekara da zuwa ba, da kofin duniya na Tryon 2018 wanda Ros Canter ta haɗa da nata zinaren na ɗaiɗaiku, na wa ne?

Malam Habu: Hajiya, an kira sallah.

Hajiya Rabi: Je ka dawo, muna nan.

Malam Habu: Na dawo. Na 2017 na bar wa Breisner rabi, ban ƙi ba. Na janye "komai". Amma Tokyo da Paris ba zan saki ba. Shekara 49 ana jira da kuɗin nan, da dawakin nan, da masu dawakin nan, ba a samu ba sai da aka sauya shugabanci. Sau biyu a jere kuma ba sa'a ba ce.

Kawu Bala: Ni kuma ina nan kan bakana. A ba shi ƙasar da ba ta da London 52 a barga, ya kawo zinare, ranar zan aiko maka da goro har gida.

Injiniya Nura: Kawu, Jamus ta 2001 ma ba ta da Sam, shahararren dokin Jung. Jung bai fara kawo musu lamba ba sai kusan shekara goma bayan haka, kuma zinaren 2008 ba shi a ciki.

Kawu Bala: Nura, kai wai ɓangaren wa kake ne?